Yadda Ake Zaɓar Ƙananan Itatuwan Marmari Don Tsakar Gida a Kano

Idan kana zaune a birnin Kano kana son ƙaramin itacen da za ka riƙa tsinkar 'ya'yansa a tsakar gida, zaɓin bai kai yawan da hotunan waya ke nunawa ba, amma ya fi abin da masu cewa "ai nan ba abin da ke yi" suke zato. Yanayin garin ne ke raba gardama. Kano tana kan tsayin da bai kai mita 500 daga teku ba, zafin Afrilu yakan kai digiri 40 har ya ɗara, ruwan sama na kirki daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran watannin kuwa sai abin da ka zuba da hannunka. Jos, inda ake noman sitiroberi a ƙasar nan, tana kan tsayin mita 1,200 ko fiye, shi ya sa abin da ya yi lif a can yake ƙonewa a nan tun kafin bazara ta yi nisa.

A ganina itatuwa uku ne suka cancanci rami na dindindin a gidan Kano: malberi (mai ƙananan 'ya'ya da ke nuna baƙi), rumman da magarya mai aure (wadda aka haɗa ingantaccen nau'i da gindin ta gida). Sitiroberi baƙon hunturu ne, ya zo ya tafi. Buluberi da rasberi kuwa, waɗanda su ma ƙananan 'ya'yan marmari ne, a bar wa masu garuruwan sanyi. Dalilan suna tafe, amma kafin a je kansu akwai aikin da ba ya buƙatar ko sisi.

Mataki na farko: auna gidanka kafin ka je wajen masu dashe

Fara da rana. Zaɓi ranar da kake gida, ka duba wurin da kake son dasawa da hantsi, da azahar, da kuma la'asar. Itacen da ake so ya yi 'ya'ya yana buƙatar rana ta awa 6 ko fiye. A gidajen cikin gari, irin na Yakasai ko Gwale ko gindin Dala, tsakar gida matsattsiya ce, katanga doguwa, wani lokacin ga benen maƙwabci ya tare gabas. A nan ƙarancin rana ne matsala. A sabbin unguwanni irin Rijiyar Zaki ko Hotoro matsalar akasin haka ce: an shafe ko'ina da siminti ko intalok, katangar da ke fuskantar yamma tana ɗaukar zafi tana mayar wa duk abin da ke gabanta. Wurin da ya fi shi ne wanda rana ke dukansa daga safe zuwa bayan azahar, sannan inuwa ta rufe shi.

Sai ruwa, kuma nan ne ya kamata mutum ya gaya wa kansa gaskiya. Daga ina ruwan gidanka yake zuwa a watan Maris da Afrilu? Idan kana da bohol ko rijiyar da ba ta ƙafewa, duk itatuwan nan za su yi maka. Idan kuwa daga hannun 'yan garuwa kake saye jarka-jarka, to magarya da rumman ne naka, domin su ne ke jure ƙishi. Duba kuma irin ruwan. Rijiyoyi da yawa a Kano ruwansu zartsi ne: sabulu ba ya kumfa sosai, butar shayi tana yin farin ɓawo a ciki. Rumman da magarya suna haƙuri da irin wannan ruwa. Sitiroberi ba ya yi ko kaɗan, gefen ganyensa zai fara ƙonewa cikin 'yan makonni.

Ƙasa kuma gwaji biyu ake yi mata. Haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, wato wajen santimita 45, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In na biyun ya tsotse cikin 'yan awanni, ƙasar ta yi. In har washegari yana nan kwance, akwai laka ko marmara a ƙasa, sai dai ka tada tudu ka dasa a kai, ko ka koma durom. Gwaji na biyu: ɗebi busasshiyar ƙasa a murfin gwangwani ka ɗiga mata binega. In ta yi kumfa tana tsuwwa, akwai farar ƙasa ko siminti a ciki. Wannan ya zama ruwan dare a gidajen da aka cike filinsu da ɓaraguzan gini. Irin wannan ƙasa takan sa sabon ganye ya fito rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suke kore.

Na ƙarshe, auna tazara da sokawe, da bututun ruwa, da harsashin gini. Rubuta adadin takun a takarda ka sa a aljihu.

Mataki na biyu: kwatanta itatuwan

Malberi shi ne zan ba wanda bai taɓa dasa komai ba. Yana kamawa daga yankakken reshe, yana girma da sauri, kuma sau da yawa yakan fara 'ya'ya cikin shekarar farko ko ta biyu. 'Ya'yan suna fitowa kore, su koma ja, su nuna baƙi ƙirin. Ja yana da tsami, baƙin ne mai zaƙi. Akwai nau'i uku da za ka ji ana ambata. Na farko shi ne mai saurin girma wanda asalinsa daga Sin ne, wanda ake ciyar da tsutsar siliki da ganyensa. Ana ce masa fari amma 'ya'yan yawancinsu baƙi suke nuna, kuma shi ne ya fi dacewa da zafinmu. Na biyu baƙin malberi na yankin Iran, wanda ya fi ɗanɗano amma yana da nawa wajen girma, ba ya saurin kamawa daga reshe, kuma ya fi son ƙasar da ke da sanyin hunturu na gaske. Na uku dogon nan na Pakistan, wanda ɗansa kan kai tsawon yatsa, zaƙi zalla ba tsami. In ka same shi ka saya, amma ka tabbata daga itacen da aka ga 'ya'yansa aka yanko.

Aibin malberi biyu ne. Saiwarsa tana bin danshi, don haka kada ya kusanci sokawe ko bututu da ƙasa da mita 4 zuwa 5. Sannan 'ya'yan da suka faɗo suna rina komai: dandamali, shanya, fararen kayan yara na Islamiyya. Kada ka dasa shi kusa da igiyar shanya in kana son zaman lafiya da uwargida. Ganyensa kuwa abinci ne mai kyau ga zomaye da awaki, don haka abin da ka sassabe ba asara ba ne.

Rumman ya fi kowa dacewa da ƙaramin gida. Tsayinsa mita 2 zuwa 4 ne, saiwarsa ba ta ɓarna, yana son zafi da busasshiyar iska, furensa ja kuma ado ne. Sai dai yana buƙatar haƙuri: wanda aka samo daga reshe yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya fara, kuma daga fure zuwa nuna wata 5 zuwa 7 ne. Cikin nau'o'in da ake sani, Bhagwa da Ganesh na Indiya ne, an saba noma su a wurare masu zafi da ƙarancin ruwa, ƙwayarsu mai laushi ce, ana taunawa a haɗiye. Bhagwa ja ne ciki da waje, Ganesh ya fi haske. Wonderful, wanda ya yi suna a Amurka, babba ne ja sosai mai ɗan tsami, amma ya fi sakin jiki inda ake sanyi na sosai a hunturu. Da za a ba ni zaɓi a Kano, na Indiya zan ɗauka, ko kuma reshe daga wani tsohon rumman na cikin gari da aka san yana da zaƙi, domin shi ya riga ya ci jarrabawar garin. Yi hattara da rumman na ado, wato gajeren nan mai 'ya'ya ƙanana, da mai fure cunkus. Suna da kyan gani amma ba abin ci.

Magarya kowa ya san ta, ta bakin hanya da ta tallar yara, ƙwallo babba nama kaɗan. Wadda nake nufi ita ce mai aure, inda ake ɗora ido, wato wurin da toho ke fitowa, na ingantaccen nau'i a kan gindin magaryar gida. Nau'o'in Indiya irin su Gola, Seb da Umran suna ba da 'ya'ya da suka ninka na gida girma sau da yawa, ana cin su ɗanye suna ƙaras-ƙaras, shi ya sa a Nijar da Mali ake ce musu tuffar Sahel. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai tana cikin waɗanda suka yaɗa su a yankin nan. Gola zagayayya ce kuma tana nuna da wuri. Umran ta fi girma, doguwa ce, tana zuwa a makare. Ba itacen da ya kai magarya jure ƙishi da zartsi a cikin waɗannan, kuma mai aure takan fara 'ya'ya cikin shekara ɗaya ko biyu. Farashin da za ka biya shi ne ƙaya da fili. Rassanta suna bazuwa, in ba a yi mata aski duk shekara ba za ta cinye tsakar gida. A gidan da yara ke guje-guje ba takalmi, kusurwar bayan gida ce wurinta.

Akwai wasu da za ka iya gwadawa in wuri ya rage. Asarola, wadda wasu ke kira ceri na Barbados, ƙaramin itace ne mai jajayen 'ya'ya masu tsami da suka fi lemo sinadarin bitamin C nesa ba kusa ba. Tana 'ya'ya fiye da sau ɗaya a shekara in tana samun ruwa, amma 'ya'yan ba sa kwana biyu bayan tsinka, kuma a ƙasar jigawa ƙananan tsutsotsin nan da ido ba ya gani sukan sa saiwarta ta yi ƙulle-ƙulle. Ta mai bohol ce. Cizaki, wanda ke fitowa a daji, yana yin shinge mai ƙaya da 'ya'ya masu zaƙi in sun yi baƙi. Tsada kuwa a bar ta a dawa. Tana da nawa, kuma saiwarta kan manne wa saiwar wasu itatuwa tana tsotsa. Ɗinya da kanya manyan bishiyoyi ne, ba na tsakar gida ba.

To, buluberi fa? Matsalolinsa uku ne kuma duk suna haɗuwa a Kano. Yana son ƙasa mai tsami ƙwarai, wadda ma'aunin pH ke nunawa tsakanin 4.5 da 5.5, ruwan zartsi kuwa yana kashe wannan tsamin duk lokacin da ka yi ban ruwa. Yawancin nau'o'insa suna buƙatar ɗaruruwan awanni na sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7 kafin su yi fure, alhali ɗarinmu, duk da yadda muke kuka da shi a Janairu, da wuya ya sauka can. Na uku, saiwarsa siririya ce a sama-sama, zafin ƙasa na bazara yana dafa ta. Gaskiya ne akwai nau'o'in da ba sa buƙatar sanyi sosai, da su ƙasar Peru ta zama kan gaba wajen fitar da buluberi a duniya, amma a gaɓar teku mai sassaucin zafi suke nomawa, da ruwan da aka gyara da sinadarai. Rasberi ma labarin sanyi ne da ƙin zafi. Wanda ke da kuɗin gwaji ya gwada, amma kada ya zama shi ne dashenka na farko. Iri kuma da ake tallarsa a intanet da hoton sitiroberi shuɗi, hoton ne aka rina. Babu irin wannan shuka.

Mataki na uku: sayen dashe

Masu sayar da furanni da dashe na bakin titi, musamman a ɓangaren Nasarawa, nan ne yawancin mutane ke farawa. Don neman ingantaccen nau'i ko shawara, akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu da marmari ta ƙasa, NIHORT, a Bagauda, akwai kuma Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Wurare ta Jami'ar Bayero.

Ko ina ka je, ga abin dubawa. Ɗaga ledar ka kalli ƙasanta: in saiwa mai kauri ta huda ta shiga ƙasa aka tsinke ta, dashen ya daɗe, zai sha wuya. Ƙarami mai ƙoshin lafiya, wanda bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, ya fi dogo wanda saiwarsa ta nannaɗe a leda. Juya ganye ka duba bayansa saboda farin ƙwaron nan mai kama da auduga. In ka kawo shi gida ka kawo wa duk shukokinka. A magarya nemi gaɓar aure, wato ɗan kumburi ko lanƙwasa kusa da gindi inda aka haɗa. In babu, magaryar gida ce za a sayar maka da tsadar mai aure. Tambayi mai dashen kai tsaye: "Malam, daga ƙwallo ne ko daga reshe?" Rumman da malberi na ƙwallo ba lallai su gaji uwarsu ba, kuma a malberi wani yakan fito namiji, ya yi ta ganye ba ɗa ko ɗaya.

Malberi da rumman ma ba sai ka saya ba in kana da maƙwabci mai su. Roƙi reshe mai kaurin fensir wanda ya fara tauri, ka yanka shi tsawon santimita 20 zuwa 25, kowane yanki da ido 3 ko 4. Cire ganyen, ka soka kashi biyu cikin uku a leda mai yashi da ɗan taki, idon yana kallon sama, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Yanka da yawa, domin ba duka ke kamawa ba. Kada ka yi saurin murna in ganye ya fito, reshe kan yi toho da abincin jikinsa kafin ya yi saiwa; bari ya yi wata biyu ko uku a leda.

Mataki na huɗu: rami da dasawa

Lokacin dashe a Kano shi ne in damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Itacen zai samu wata biyu zuwa uku na ruwan sama ya kafa saiwa. Kada ruwan farko na Mayu ya ruɗe ka, sau da yawa yakan ɗauke ya bar zafi. Mai ruwa a gida zai iya dasawa a Oktoba ma, amma daga Maris zuwa Mayu ba lokacin dashe ba ne.

Haƙa ramin tun mako biyu kafin ranar: santimita 60 faɗi, 60 tsawo, 60 zurfi. Ware ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda, ka tsince duk ɓaraguzan bulo da leda da ƙarafa. Gauraya ƙasar saman da bokiti biyu na takin gargajiya da ya ruɓe sarai, wanda ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma yana kiran gara. In ƙasarka jigawa ce da ba ta riƙe ruwa, ƙara taki da garin gawayi. In laka ce, ƙara yashi da ɓuntun shinkafa da ya ruɓe. Toka kaɗan ta isa, kuma in gwajin binega ya yi kumfa kada ka sa ta sam. Mayar da haɗin cikin ramin, ka jiƙa shi, ka bari ya zauna.

Dasa da yamma. Tsaga ledar da reza maimakon ka fizge dashen, kada ƙasar da ke jikin saiwa ta warwatse. Zurfin da yake a leda shi ne zurfinsa a rami, kada a binne wuyansa, gaɓar auren magarya kuwa dole ta kasance sama da ƙasa da kamar faɗin tafin hannu. Danna ƙasar da hannu, ka yi mata gurbi zagaye don riƙe ruwa, ka zuba bokiti guda. Tazara: rumman mita 3 tsakaninsa da wani, malberi mita 3 zuwa 4 in za ka riƙa datse shi, magarya mita 5.

Wanda gidansa siminti ne ko haya yake, ya raba durom biyu, ya huda ƙasansa da yawa, ya ɗora a kan bulo. Rumman da malberi suna rayuwa a haka shekaru. Baƙar roba tana ɗaukar zafi sosai, don haka shafa mata farin fenti ko ka naɗe ta da buhun algarara. In a saman bene za ka ajiye, sa su a kan layin katanga ko ginshiƙi, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi.

Mataki na biyar: ranin farko

Yawancin dashen da ke mutuwa a Kano tsakanin Fabrairu da Mayu na shekarar farko yake mutuwa. Ka'idar ita ce ruwa mai yawa jefi-jefi, ba yayyafi kullum ba. Bokiti ɗaya ko biyu duk bayan kwana 2 ko 3 a hunturu, a bazara kuma kusan kullum ga malberi da duk abin da ke cikin durom. Soka yatsa a ƙasa kafin ka zuba. In da danshi a tsawon yatsa, bari sai gobe. Rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntu mai kaurin yatsu huɗu, amma ka bar fili tsakaninsa da jikin itacen saboda gara.

Ga mai sayen ruwa akwai dabaru biyu. Binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi ba kusa da dashen, bakinsa a waje, ka riƙa cika shi kana rufewa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Sannan ka sa bokiti a wurin alwala. Ruwan alwalar gida guda a yini ya isa itace ɗaya ko biyu. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa kada ya je gindinsu, haka ruwan kwata da na magudanar da ke ɗauke da dattin masana'antu.

Taki: bokitin ruɓaɓɓen taki a farkon damina da wani a ƙarshenta. In za ka ƙara kamfa, wato NPK 15-15-15, cikin gidan ashana biyu ya isa ƙaramin dashe, a zagaya shi nesa da gindi, a rufe, a yi ban ruwa. Yuriya da yawa ganye take kawowa, ba 'ya'ya ba.

Mataki na shida: aski, kowa da irin nasa

Nan ne itatuwan uku suka fi bambanta, kuma nan ne mutane suka fi jin tsoro.

Malberi a jikin sabon toho yake 'ya'ya. Bari ya kai ƙirji, ka datse kansa, ka zaɓi rassa 3 ko 4 su zama ƙashin bayansa. Duk lokacin da ya gama 'ya'ya, rage rassan da kashi ɗaya cikin uku ko rabi, ka zage sauran tsofaffin ganye, ka ba shi taki da ruwa. Sabon toho zai fito tare da 'ya'ya, su nuna cikin wata biyu ko makamancin haka. Da wannan dabara ana samun tsinka fiye da sau ɗaya a shekara, kuma itacen ba zai wuce inda hannu ke kaiwa ba. Kada dai a yi masa wannan a tsakiyar zafin Afrilu.

Rumman akasin haka yake. A kan gajerun rassan da suka shekara yake fure, don haka in ka yi masa aski mai tsanani ka zubar da amfanin bana. Bar masa jiki 3 ko 4 daga ƙasa, ka riƙa cire sauran tohon da ke fitowa daga gindi, da rassan da suka bushe ko suka gitta cikin juna. In ka ga fure yana zuba kada hankalinka ya tashi: iri biyu yake yi, mai siririn gindi namiji ne kuma dole ya faɗi, mai kumburarren gindi shi ne ke zama ɗa. Manoman Indiya sukan hana shi ruwa na 'yan makonni, sannan su ba shi taki da ruwa, sai ya yi fure gaba ɗaya a lokacin da suke so. A Kano furen da ya fito a farkon damina ya fi, domin zai nuna a hunturu, kuma ƙwayar da ta nuna a sanyi ta fi ja. Babban ciwon kan rumman shi ne fashewa, kuma yawanci daga ban ruwa ne: an bar shi ya bushe, sannan aka malala masa ruwa lokaci guda. Daga ranar da 'ya'ya suka ɗauru, riƙe ƙa'idar ruwa ɗaya.

Magarya kuwa aski mai tsanani take so, sau ɗaya a shekara, bayan an gama tsinka, wajen Afrilu zuwa Mayu lokacin da take hutawa. Mayar da rassan bara baya sosai, ka bar 'yan idanu a gindin kowane. Za ta yi toho da damina, ta yi fure a ƙarshenta, 'ya'ya su nuna a hunturu. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure, cire shi ranar da ka gan shi. Na magaryar gida ne, ya fi ƙarfi, in aka bar shi zai kashe na sama. Sa safar hannu mai kauri, ka kwashe ƙayar nan take.

Ƙwari, tsuntsaye da ragon layya

Ƙudan da ke sa tsutsa a cikin 'ya'ya shi ne babban abokin gabar magarya. Tsince duk wanda ya faɗi ko ya nuna alamar huda, ka ƙulle a baƙar leda ka ajiye a rana kwana biyu kafin ka zubar. In aka bar su a ƙasa, daga nan sabbin ƙudaje ke tashi. Rumman ana sa wa kowane ɗa jakar takarda ko ta yadi tun yana ƙarami, tana kare shi daga tsutsa da ƙunar rana. Darɓa da farin ƙwaro kuma ruwan darbejiya na maganinsu: daka ƙwayar 'ya'yanta kimanin giram 50 ga kowace lita ta ruwa, jiƙa ta kwana, tace, sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma har bayan ganye, ka maimaita bayan mako. A itacen da yara ke tsinka suna kaiwa baki, ba na son maganin feshi na kanti sai in ya zama dole, kuma a kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar.

Tsuntsaye da jemagu za su ci rabonsu na malberi; tsinka da sassafe shi ne maganin da ya fi sauƙi. Akuya da rago kuwa ba rabo suke ci ba, a yini guda suke gamawa da dashen shekara. Kewaye kowane dashe da ragar waya mai tsayin ƙirji tun ranar farko, ko da ba ka kiwo, saboda makon Babbar Sallah.

Sitiroberi, ga mai son gwadawa

Ɗauke shi a matsayin shukar wata huɗu. Nemi 'ya'yan dashe, ba iri ba, a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba in zafin kaka ya sauka. Sa su a tukwane ko buhuna masu yashi da ruɓaɓɓen taki, tazarar santimita 25 zuwa 30, zuciyar shukar daidai da saman ƙasa: in ka binne ta za ta ruɓe, in ta yi sama za ta bushe. Ajiye su inda rana ta safe ke samu, ka ba su ruwan da ba zartsi, kaɗan-kaɗan kullum. Cire yaɗon da suke miƙawa domin ƙarfin ya tafi ga fure, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa don kada 'ya'yan su taɓa ƙasa. Za ka ci a Janairu da Fabrairu. Da zarar zafin rana ya zauna sama da digiri 30 fure zai ragu, zuwa Afrilu yawancinsu sun tafi, sai ka juye ƙasar a gindin rumman.

Tsinka

Malberi sai ya yi baƙi ya saki da ɗan taɓawa. Shimfiɗa tsohon zane a ƙasa ka girgiza reshen. Ba ya ajiyuwa, a ci ranar, ko a markaɗa da kindirmo, ko a haɗa da zoɓo. Hana yara cin ɗanyen, yana ɓata ciki. Magarya mai aure ta fi daɗi in ta juya daga kore zuwa ruwan ɗorawa, kafin ta yi ja ta yi laushi. Rumman ba ya ƙara nuna bayan an cire shi, don haka kada ka yi gaggawa: jira ya daina zama zagayayye sumul ya fara yin kusurwa-kusurwa, ya yi nauyi a hannu. Yanke shi da almakashi kusa da jikinsa maimakon fizga, ka ajiye a wuri mai sanyi, zai yi makonni bai lalace ba.